Goron Bayan Zaɓe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suka cika min waya da saƙo suna cewa Sa'ida kin ɓace, ku yafe ni, zaɓe ne ya bi ta kan gidanmu. Yanzu hayaniya ta lafa, zan ba ku labarin tun daga tushe, don na ga akwai sababbin fuskoki a cikinku.

Mahaifina, Alhaji Ummaru, shi ne ciyaman na ƙaramar hukumarmu a nan Suleja, kuma bana ya fito neman zango na biyu. Ni kuwa ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibitin kuɗi a Abuja. Kullum da safe motar haya nake shiga kamar kowa, don Baba ya ce motar ofis ba ta 'ya'yansa ba ce. A cikin irin wannan motar na haɗu da Lukuman. Muna matse a baya, akwatin kayan aikinsa a kan cinyarsa, ya riƙa ba ni haƙuri tun daga Suleja har Zuba saboda gefen akwatin yana taɓa min gwiwa. Sola yake haɗa wa mutane a gidaje da shaguna. A garin nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi, amma iyayensa Yarbawa ne daga Ofa. Mahaifinsa, Alhaji Bamidele, ya rasu tun yana makaranta. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya, robobi da kayan kicin take sayarwa a kasuwa.

Tun ranar da na kai maganarsa gida, Goggo Fatsuma ta sa ƙafa ta take. Yayar Baba ce, ita ta goya shi, kuma ita ce shugabar matan kamfen ɗinsa. In ta yi magana a gidanmu har fanka rage gudu take yi.

"Su waye danginsa a garin nan? Ina gidansu? Haya fa suke zaune! 'Yar ciyaman guda?"

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike. Lokacin ya yi ta tafiya har aka buga gangar siyasa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ku sani. Da Baba ya hau mulki, ya rushe shagunan da aka gina a kan magudanar ruwa ta gefen kasuwa. Kafin nan duk damina ruwa sai ya shiga gidajen mutane a unguwar Hashimi, har wata shekara ya tafi da wata mata da goyonta. Ya buɗe magudanar, ya gina ta da kankare, ya mayar da masu shagunan sabon layi a bayan kasuwa. Matsalar ita ce hanyar da aka ce za a yi zuwa sabon layin ba a yi ta ba, masu saye ba sa kaiwa can. Shagon Iya yana cikin waɗanda aka tasa. 'Yan kasuwa suka ƙullaci Baba, shugaban ƙungiyarsu, wani Oga Obiora mai sayar da kayan gini, ya fito fili ya ce ƙuri'arsu ta ɗan takarar adawa ce.

To, ana saura 'yan makonni zaɓe, wata Asabar da hantsi ina zaune a ɗaki ina tsifar kai, sai ga Goggo ta shigo da sallama mai taushi. Nan na san da wata a ƙasa, don Goggo ba ta sallama mai taushi sai da dalili. Tana sanye da atamfar kamfen mai hoton Baba, ɗaurin ɗankwalin nan ya hau sama, hannunta riƙe da leda. Ta zazzage a kan gadona: leshi ruwan zuma mai duwatsu, da mayafi da takalmi mahaɗinsa.

"Uwata, duba min wannan. Ya yi miki?"

"Ya yi kyau, Goggo. Bikin wa za a yi?"

Ta zauna a bakin gado, ta karɓi kibiyar daga hannuna ta ci gaba da tsife min kan. Rabon da Goggo ta taɓa kaina tun ina firamare.

"Ina yaron nan naki? Lukumanu?"

Na juyo na kalle ta. Yau kuma sunansa ya fito? Da can ai "ɗan mai robobi" ne.

"Yana nan lafiya."

"Na zauna na yi tunani, na ga yaron yana da hankali. Ki ce ya turo manyansa sati mai zuwa a yi baiko. Za mu kafa rumfa a ƙofar gida, a gayyato mutanen kasuwa gaba ɗaya, Yarbawansu da Inyamuransu. A ɗau hotuna a watsa. Duk mai cewa Ummaru ba ya son baƙi, sai ya ga 'yar cikinsa ya ba su."

Jama'a, zan faɗa muku gaskiya, zuciyata sai da ta yi tsalle. Abin da na daɗe ina roƙo a sallah ga shi an kawo min har kan gado da leshinsa. Amma wani abu a maganar bai kwanta min ba.

"Goggo, in an gama zaɓen fa?"

"In an gama sai a ga abin da Allah zai yi. Baiko ai ba aure ba ne."

Ta faɗe shi a sauƙaƙe tana ci gaba da tsifa.

Tana fita na jawo waya. Na ɗauki hoton leshin na tura wa Lukuman, na rubuta masa duk yadda muka yi, amma na cire maganar ƙarshe. Na ga ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Sai ga shi:

"Leshin ya yi kyau, zai fi kyau a jikinki. Amma ba zan zo ba."

"Kamar ya ba za ka zo ba?"

"Sa'ida, ina son in shigo gidanku a matsayin mai neman aure. Wannan ɗan kamfen suke nema."

"Ina ruwanka da abin da suke nema? In an karɓi goro ai an karɓa."

"Iya za ta zauna a rumfa ana ɗaukar ta hoto, maƙwabtanta na sabon layi suna kallo, su ce ta sayar da su da auren ɗanta. Ba zan yi mata haka ba. Ke ma ba zan yi miki ba."

Kafin in ba shi amsa wani saƙon ya shigo.

"Kuma gara ki ji daga bakina. Ba Baba zan zaɓa ba."

Wallahi sai da na miƙe tsaye, rabin kai a tsefe rabi a kitse. Na kira shi.

"Lukuman, me ka ce? Mutumin da ya hana ruwa cin mutane? Ka san zagin da ya sha a kan magudanar nan? Ka san manyan da suka zo har falonmu suna cewa ya bari sai bayan zaɓe, ya ce ruwa ba ya jiran zaɓe?"

"Na sani. Ya yi daidai, ko a gaban Oga Obiora na faɗa. Amma ya yi alkawarin hanya. Ki zo ki ga Iya tana wuni ba ta yi ciniki ba, robobinta sun koɗe a rana. Ƙuri'ata ɗaya ce, ba za ta kayar da kowa ba, amma ba zan yi miki ƙarya a kanta ba."

"To ka riƙe ƙuri'arka!"

Na kashe wayar. Kwanaki na yi ban amsa masa ba. Kullum da asuba sai ya turo "Barka da asuba, 'yar ciyaman," ni kuma in karanta in kife wayar. Har motar da muka saba shiga na daina, na koma fita da wuri.

Goggo ba ta jira amsata ba, ta kai maganar gaban Baba. Da safe ne, yana karyawa da kunun gyaɗa da ƙosai, wayoyinsa biyu suna ta ruri a gefen faranti. Umma tana zuba masa ruwan zafi, ni ina goge masa hula. Goggo ta jero tsarin tiryan-tiryan, har da mai kiɗan da za a kira. Baba ya saurara har ta gama, ya ajiye cokali.

"Yaya, hotona yana kan kowace katanga a garin nan, yana kan zanin da ke jikinki. Ya isa. Sa'ida ba fosta ba ce."

"Ummaru, kujerar nan za ta tafi fa!"

"In ta tafi ta tafi. Na same ta a sakatariya, a can zan bar ta. In ina da magana da 'yan kasuwa, da ƙafata zan je in same su."

Na sunkuyar da kai ina ta goge hular da ta riga ta gogu, don kada su ga idona. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ji na yi kamar tsayina ya ƙaru.

Kuma ya je. Ranar Laraba da la'asar ya shiga kasuwa ba jiniya, ba 'yan banga, daga shi sai kansiloli biyu. Na ɗauki uzuri a wurin aiki na bi ayarin mata, na sa doguwar riga baƙa da mayafi don kada a gane ni. A sabon layin aka yi taron, a tsakiyar taɓo, don ya ce yana son takalminsa ya taka abin da suke takawa. Farar shaddarsa kuwa kafin ya isa ta yi kaca-kaca daga ƙasa.

Oga Obiora ya karɓi lasifika. Ƙato ne, muryarsa ba ta ma buƙatar lasifikar.

"Ciyaman, ka ga wurin da ka kawo mu. Mota ba ya shiga, mai saye ba ya zuwa. Yau ka zo saboda kana son ƙuri'a. Me za ka faɗa mana?"

Wurin ya ɗauki ihu. Wasu na cewa ba ma yi, wasu na buga robobi. Baba ya tsaya har suka gaji.

"Abu biyu zan faɗa," in ji shi. "Na farko, magudana. Ba zan ba kowa haƙuri a kanta ba. Ni na tsaya a kan gawar matar nan da jaririnta ranar da aka tsamo su. Ko yau aka dawo da ni farko, sai na sake rushe shagunan. Na biyu, hanya. Na yi alkawari ban cika ba. Ba zan ɗora wa kowa ba, laifina ne, ku yafe ni. In kun mayar da ni, da ita zan fara. In ba ku mayar da ni ba, zan bi wanda kuka zaɓa in roƙe shi ya fara da ita."

Wani daga baya ya ɗaga murya, "An ce za ka ba ɗan Iya 'yarka don mu zaɓe ka!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe maganar Goggo ta riga ta zaga kasuwa. Baba bai ko juya ba.

"Maganar 'yata a gidana ake yin ta. Nan maganar hanya na zo yi."

Sai na ga wata 'yar dattijuwa ta fito daga shagonta da kujerar roba sabuwa fil, ta goge ta da gefen zaninta ta ajiye masa. Iya ce. Ta koma shagonta. Baba ya zauna a kai, ya saurari koke-kokensu ɗaya bayan ɗaya har aka kira magariba. Da za mu fita Iya ta kamo hannuna ta cikin mutane, ashe ta gane ni tun ɗazu.

"Ɗiyata, babanki namiji ne," ta ce a hankali. Ta saki hannuna.

A mota na buɗe waya na ga saƙon Lukuman: "Ina wurin. Yanzu na san inda kika samo taurin kai." Ban san lokacin da na yi dariya ba. Na rubuta masa, "Ka canza ra'ayi?" Ya ce, "A'a. Amma yau na ji nauyin hakan." Na tura masa hoton fuska mai harara, muka shirya.

Ranar zaɓe na bi layi a makarantar firamaren unguwarmu, na dangwala wa Baba, na dawo ina kallon tawadar a yatsana kamar lalle. Washegari da azahar aka faɗi sakamako. Hashimi gaba ɗaya Baba suka yi, amma akwatunan kasuwa da kewaye suka rinjaye. Ya faɗi, da tazara kaɗan.

Goggo ta zube a tsakar gida tana salati. Matasa suka cika ƙofar gida suna cewa ba su yarda ba, a ba su izini kawai. Baba ya fito da jallabiya, ya tsaya a kan dakali, ya kira wanda ya kayar da shi a waya, ya sa a lasifika kowa yana ji. Ya taya shi murna, ya ce masa, "Ina da roƙo ɗaya, hanyar sabon layi." Sannan ya dubi matasan ya ce duk wanda ya jefa dutse da sunansa, shi da kansa zai kai shi wurin 'yan sanda. Suka watse suna gunaguni.

Abin da ya biyo baya kuwa, hmm. Gidan da ake dafa shinkafa a tukunyar biki kullum, sai ga shi Umma tana girki a 'yar ƙaramar tukunya. Masu zuwa gaisuwa tun asuba suka ɗauke ƙafa. Wayoyin Baba suka yi shiru, har ya riƙa dubawa ko caji ne ya ƙare. Waɗanda suka zo mana jaje matan Hashimi ne, da ƙwaryar fura da 'yan kajinsu, da mijin matar nan da ruwa ya ci, wanda ya riƙe hannun Baba ya daɗe bai sake ba. Goggo ta ninke atamfar kamfen ta tura ƙasan akwati, ta zo ta kwashe leshin daga ɗakina.

"Ga shi nan ai, sun kayar da shi," ta ce. "Sai ki ga ko ɗan mai robobin zai sake waiwayar ki."

Ranar Alhamis da yamma saƙonsa ya shigo: "Ki faɗa wa Umma gobe bayan Juma'a manyana za su zo." Na karanta na sake karantawa. Na ruga kicin na nuna wa Umma, ta share hannu a zani ta tafi ɗakin Baba. Da ta fito sai ta ce in kira Baffa Siddiq, ƙanin Baba wanda shi ne waliyyina, in ce ana neman sa gobe.

Na sa atamfa shuɗiya ɗinkin riga da siket, wadda na saya da albashina, na turara ta sosai. Ni da Umma da Goggo muna falon ciki, labule ne kawai tsakaninmu da falon Baba. Da motar ta tsaya na leƙa ta taga. Kawun Lukuman ya fito da babbar riga da hular Yarbawa a karkace, sai limamin masallacinsu, sai samari ɗauke da huhun goro da katan ɗin alewa. Na ƙarshen fitowa, har motar ta ɗaga da ya sauka, Oga Obiora ne da jar hularsa.

Goggo ta dafe ƙirji. "Wannan mutumin? A gidan nan?"

Shi ma Baba da ya gan shi sai da ya ce, "Oga, ka kayar da ni, kuma ka biyo ni har gida?"

"Ciyaman, wancan siyasa ne. Wannan na Bamidele ne. Shagona da nasa bango ɗaya, a hannuna ya bar yaron nan. In ban zo ba, wa zai zo?"

Aka gaisa, aka yi addu'a, kawun ya gabatar da abin da ya kawo su. Baffa Siddiq ya dubi Baba. Baba ya ce, "Ina yaron?" Aka ce yana waje cikin mota. Ya ce a kira shi.

Na matsa jikin labule, Umma tana jan gefen mayafina ina fizgewa. Lukuman ya shigo da farin yadi, ya durƙusa har ƙasa a bakin kafet.

"Lukuman, binciken da na ce zan yi na gama shi tuntuni," in ji Baba. "Saura tambaya ɗaya. Wa ka zaɓa?"

Innalillahi. Na runtse ido. A raina ina cewa ka ce sirri ne, ka ce komai, ka yi tari ma in ka ga dama.

"Baba, ban zaɓe ka ba."

Goggo ta kalle ni da ido waje. Har Oga Obiora ya daina motsi.

"To ka ji daɗi, kun kayar da ni?"

"A'a, Baba. Ranar da aka faɗi sakamako, ko abinci ban iya ci ba. Iya ma rufe shago ta yi."

Baba ya daɗe yana kallon sa. Sai ya juya wurin ƙaninsa.

"Siddiq, tun da na hau kujerar nan nake neman mutum ɗaya da zai faɗa min abin da ba na son ji a cikin falona. Sai da na sauka ya zo. Ku buɗe goron."

Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Ni kuwa na zame jikin bango na zauna a ƙasa, hawaye suna ɓata min kwalliya, Umma tana dariya tana cewa in tashi kada in yamutsa atamfa. Akwai mutum biyu a falon can, ɗaya ya haife ni, ɗaya zai aure ni, kuma ban san wanda na fi alfahari da shi a ranar ba.

Goggo ta gyara zama a kan kujera, ta warware ɗaurinta ta sake ɗaura shi ya hau sama, irin na ranar taro. Sannan ta ɗaga murya yadda duk falon maza za su ji.

"Ummaru! Kai ka gama taka. A turo min yaron nan, ni ma ina da tambaya."

Na dubi Umma, Umma ta dubi ƙasa. Ta ƙarƙashin labule na hango ƙafafun Lukuman sun tsaya. Ya yi sallama.

"Shigo," in ji Goggo. "Ke kuma Sa'ida, fita ki ja mana ƙofa."